Guraben Karatu A Jami'o'i: Lissafin Da Ke Cika Wani Aji Ya Bar Wani Wayam

ABUJA — A duk shekara, da zarar damina ta fara janyewa, akan ga iyaye da 'ya'yansu sun yi cincirindo a shagunan intanet na Wuse da Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, kowa riƙe da lambar jarrabawarsa, ana duba ko suna ya fito. Wanda ya dace ya koma gida da murna, wanda bai dace ba kuwa a ce masa ya ƙara haƙuri, akwai jeri na biyu, bayansa ma watakila akwai na uku. Ta haka ne wani magidanci kan shafe wata uku ko huɗu bai san inda ya dosa ba, kuɗin makarantar yaro na ajiye, bai biya ba, bai kuma juya su a kasuwa ba.

Abin da ke ɗaure wa jama'a kai shi ne, a shekarar 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar shiga manyan makarantu wadda hukumar JAMB ke shiryawa, amma duk da wannan tururuwa akwai makarantun da kan buɗe zango da kujeru babu kowa a kansu, yayin da a wasu kuma ɗalibai kan ɗauki darasi a tsaye ta bakin taga. Ƙarancin gurabe kaɗai bai isa ya bayyana wannan al'amari ba. Akwai wani lissafi a tsakani wanda ba a cika maganarsa ba, wato cikin waɗanda aka bai wa gurbi, mutum nawa ne ke zuwa su biya kuɗi su zauna a aji. Wannan adadi, wanda za mu kira shi kason masu amsa kira, shi ne ke yanke ko za a fitar da jeri na biyu, da tsawonsa, da kuma yawan ɗaliban da malami zai tarar a gabansa.

YADDA LISSAFIN YAKE

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da kayan gwari ya san wannan matsala. Gurbin karatu haja ce mai lalacewa, tamkar tumatir, ko kujerar motar da ta tashi daga tashar Jabi zuwa Kano ba ta cika ba. Idan zango ya yi nisa ba a sami mai zama a kai ba, ya tafi ke nan, kuma asarar ba ta shekara ɗaya ba ce, domin wannan kujera za ta ci gaba da zama wayam a aji biyu da aji uku har zuwa shekarar da 'yan ajin za su kammala.

Alal misali, a ɗauka wani sashe na jami'a yana da wurin mutum 200, kuma bisa abin da aka saba gani, cikin kowane mutum 100 da aka kira, 80 ne ke zuwa. Idan shugaban sashen yana son ajinsa ya cika tun daga ranar farko, tilas ne ya kira mutum 250. To amma idan a wannan shekara kashi 90 cikin 100 suka amsa, zai wayi gari da mutum 225, wato 25 ba su da wurin zama. Idan kuma kashi 60 ne kawai suka amsa, mutum 150 zai samu, saura kujeru 50. Sashen bai canja komai ba, malamansa da ɗakunansa suna nan yadda suke, amma bambancin da ke tsakanin shekarun nan biyu ya kai mutum 75.

A nan ne jerin masu jira ke shigowa. Makaranta ba ta ajiye wannan jeri don tausayi, tana ajiye shi ne domin kāre kanta daga kuskuren hasashe, kamar yadda ɗan kasuwa ke ajiye kaya a sito saboda bai san yawan masu sayen da za su zo ba. Idan masu amsa kiran farko suka yi yawa, jerin bai da amfani, ko mutum ɗaya ba za a taɓa ba. Idan suka yi ƙaranci, sai a buɗe shi. Sai dai kuma kiran da aka yi a makare ba ya samun amsa kamar na farko, domin wasu sun riga sun kama wani wuri, wasu sun kashe kuɗin, wasu kuma sun fid da rai sun daina dubawa. Saboda haka idan rabi ne kawai za su amsa, cike kujeru 50 zai buƙaci a kira mutum 100, kuma kowane zagaye yana cin makonni.

DALILIN KAFA JAMB TUN FARKO

Matsalar ba sabuwa ba ce a Nijeriya, hasali ma tana daga cikin abubuwan da suka haifar da hukumar JAMB. A farkon shekarun 1970 jami'o'i 6 ne a ƙasar nan, wato Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da Benin da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma kowacce ita ke shirya jarrabawarta ta ɗauki ɗalibanta. Yaro mai ƙoƙari kan nemi wuri uku ko huɗu, ya kuma samu duka. Da yake taura biyu ba ta taunuwa, wuri ɗaya zai je, sauran kuwa ba za su sani ba sai ranar rajista, lokacin da ya yi wuya a nemo wani. Sakamakon haka aka riƙa asarar gurabe a daidai lokacin da ƙasa ke ƙishirwar ma'aikata masu digiri.

Da aka ƙara sababbin jami'o'i 7 a tsakiyar shekarun 1970, cikinsu har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, sai lamarin ya ƙara dagulewa. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa hukumar JAMB da doka mai lamba 2 ta 1978, kuma Mista Michael Angulu ne magatakardanta na farko. Manufar ita ce jarrabawa ɗaya, ƙofa ɗaya, gurbi ɗaya ga kowane ɗalibi. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai.

A 2017, shekara guda bayan naɗa Farfesa Is-haq Oloyede magatakarda, hukumar, wadda hedkwatarta ke Bwari a nan Birnin Tarayya, ta shigo da tsarin kwamfuta da ake kira CAPS. A ƙarƙashinsa makaranta ce ke gabatar da sunan wanda take so, JAMB ta duba ta amince, sa'an nan ɗalibin da kansa ya shiga ya nuna ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya karɓi gurbi a wuri ɗaya ba ya cikin waɗanda wata makaranta za ta iya ɗauka. Har ila yau tsarin yana da wani sashe da aka yi wa laƙabi da kasuwa, inda makarantar da ba ta cika ba kan leƙa ta nemi ɗaliban da ba su zaɓe ta ba tun farko, ta yi masu tayi.

Wannan ya toshe tsohuwar ɓarakar riƙe gurabe da yawa a hannu ɗaya, amma bai kawar da rashin tabbas ba, domin yoyon a matakai biyu yake. Na farko, wanda aka bai wa gurbi ya ƙi karɓa, ko ya yi shiru bai ce uffan ba. Na biyu, wanda ya karɓa a kwamfuta amma bai taɓa taka ƙafarsa makarantar ba. Na biyun ya fi illa, saboda a takarda kujerar tana da mai ita.

ME KE HANA AMSA KIRA?

Babban dalili shi ne ba wa ɗalibi abin da bai nema ba. Masu neman aikin likita da lauya da jinya da haɗa magunguna sun ninka guraben da ke akwai sau da yawa, yayin da sassan koyarwa da aikin gona da wasu fannonin kimiyya ke neman ɗalibai ruwa a jallo. Sai makaranta ta tura wanda ya nemi likita zuwa nazarin tsirrai ko dabbobi. Wani ya ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ya karɓa. Wani kuma ya ƙi, ya koma ya sake jarrabawa baɗi. Don haka a jami'a ɗaya ana iya samun sashen da kusan duk wanda aka kira sai ya zo, da kuma sashen da ke maƙwabtaka da shi wanda rabi ba sa zuwa. Duk wanda ya haɗa su ya fitar da adadi ɗaya na jami'ar baki ɗaya, ya ɓoye gaskiyar lamarin.

Dalili na biyu kuɗi ne. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a wannan shekara, ga kuma tsadar mota da ta ɗaki da ta abinci. Ga iyalin da ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya, fitowar suna ba ita ce ƙarshen magana ba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024, yana jan lissafin ta ɗaya ɓangaren, domin yana ba wanda da zai haƙura damar zuwa.

Na uku, abin da ke faruwa a waje. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗaliban Nijeriya masu yawa suka dawo gida. A watan Yunin wannan shekara aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da ake saye a kan Naira 460 da ɗoriya a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Janairun 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Duk ƙofar da ta rufe a waje, tana ƙara yawan masu riƙe gurbinsu na gida da hannu biyu. Jami'in ɗaukar ɗalibai da ya dogara da alkaluman shekarun da suka gabaci waɗannan abubuwa zai iya shan mamaki.

Na huɗu, yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata 9 tana yaji a 2020, ta kuma yi wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda aka bai wa gurbi ya zauna shekara guda a gida ba a kira shi ba, yana iya komawa jami'a mai zaman kanta idan iyayensa na da hali, ko ya kama sana'a, ko a yi mata aure. Wasu jami'o'in kuma, don su cim ma lokacin da ya wuce, sun haɗa ɗaliban shekara biyu a aji ɗaya.

Bugu da ƙari, a jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a ke yi wa hidima, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilmi. Kowane rukuni da irin amsa kiransa, domin yaron da gidansu ke kusa ya fi saurin zuwa a kan wanda zai yi tafiyar kwana guda a kan hanyar da iyayensa ke fargaba.

IDAN AKA YI YAWA

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda ofishinta ke Maitama, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta iya ɗauka gwargwadon malamai da ɗakuna da kayan aikinta. Ma'aunin da ta shimfiɗa shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa da shari'a, 20 a kimiyya, 15 a aikin injiniya, 10 a aikin likita. Amma kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don ya binciko buƙatun jami'o'in gwamnati, ya tarar da malamai 37,504 ne ke koyar da ɗalibai fiye da miliyan 1.2, kuma a Jami'ar Abuja malami ɗaya yana ɗauke da ɗalibai 122. A wannan shekarar ce kuma aka dakatar da sassan likita da likitan dabbobi da injiniya da aikin gona na jami'ar saboda ba su cika sharuɗɗa ba, ɗalibai suka fito suka tare hanyar filin jirgin sama. Jami'ar, wadda aka kafa a 1988, ita ce Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a watan Disamban 2024.

Ta fuskar tattalin arziki, ba wuya a gane abin da ke jawo cunkoso. Ƙarin ɗalibi ɗaya a ajin da ya riga ya cika ba ya nuna wani tsada a littafin akanta, domin ba a ƙara albashi ba, ba a gina ɗaki ba, ga shi kuma ya biya kuɗin rajista. Tsadar tana nan, sai dai wasu ne ke biyan ta: malamin da zai duba takardu 500, ɗalibai 10 da za su taru a kan na'ura ɗaya a ɗakin gwaji, da kuma kamfanin da zai ɗauki mai digirin aiki daga baya ya sake horar da shi da kuɗinsa.

Inda abin ya fi zafi shi ne fannonin da ke da wata ƙofa a gaba. Mai digirin shari'a ba ya zama lauya sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedkwatarta ke Bwari, kuma majalisar da ke kula da ilmin lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan waɗanda za ta turo. Jami'ar da aka yanke wa 50 ta ɗauki 100, ta ƙirƙiri wani jerin masu jira ke nan, amma na waɗanda suka riga suka biya kuɗin shekara 5. A watan Nuwamban 2023 majalisar ta ba da sanarwar dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a Jami'ar Baze ta Abuja, tana mai cewa jami'ar ta wuce adadin mutum 50 da aka ƙayyade mata, har masu jiran shiga makarantar lauyoyi suka kai 347. A watan Janairun 2025 kuma JAMB ta bayyana cewa ba za ta ɗauki ɗaliban shari'a a wasu jami'o'i 8 ba a zangon 2025/2026, bisa hukuncin wannan majalisa.

Akwai kuma waɗanda aka shigar ta bayan gida. A 2021 JAMB ta bayyana cewa ta gano ɗalibai 706,189 da manyan makarantu suka ɗauka ba tare da saninta ba tun daga 2017. Irin waɗannan ba su cikin lissafin kowa, amma suna cikin aji, kuma idan ba a daidaita takardunsu ba, ba za a kira su yi wa ƙasa hidima ba.

YADDA TA KAYA A WASU ƘASASHE

A Amurka ɗalibi na iya riƙe tayin jami'o'i da yawa har zuwa ranar 1 ga Mayu, saboda haka kowace jami'a sai ta kira fiye da wurin da take da shi. Irin su Harvard, inda fiye da kashi 80 cikin 100 ke amsawa, ba su cika kuskure ba. Sauran kuwa caca suke yi. A 2017 Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine ta ga masu amsa kira sun zarce hasashenta da kimanin 800, ta janye tayin kusan mutum 500, jama'a suka yi ca, ala tilas ta mayar da mafi yawansu. A 2019 Virginia Tech ta sami rarar fiye da mutum 1,000, ta yi wa wasu tayin kuɗi su jinkirta zuwa, ta kuma kama hayar otal ta zuba wasu. A Ingila, a 2021, Jami'ar Leeds ta yi wa ɗaliban shari'a da na kasuwanci tayin Fam 10,000 da ɗaki kyauta idan suka yarda suka ɗaga zuwansu da shekara guda.

Abin lura a nan shi ne wanda ya ɗauki nauyin kuskuren. A can makarantar da ta yi kuskuren lissafi ita ta buɗe lalitarta. A nan gida kuwa, tun da ƙa'ida ba ta yarda a wuce adadi ba, makaranta mai bin doka takan kira daidai wurin da take da shi, ta jira ta ga waɗanda ba su zo ba, ta sake kira, ta sake jira. Wato a maimakon kuɗi, da lokaci ake biya, kuma lokacin ɗalibi ne da na iyayensa.

IDAN AKA YI KAƊAN

Tun da aka ba jami'o'i masu zaman kansu na farko lasisi a 1999, yawan jami'o'in ƙasar nan ya kai kusan 300, fiye da rabinsu na 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyi. A Birnin Tarayya kaɗai akwai Veritas da Nile da Baze da wasunsu. Ga irin waɗannan, kujerar da ba kowa ita ce babbar barazana, domin albashin malamai da man janareta da bashin banki ba sa raguwa don ɗalibai sun ragu.

A ɗauka wata jami'a na karɓar Naira miliyan 3 a shekara, ta yi kasafinta bisa sababbin ɗalibai 500, sai 400 suka zo. Giɓin shekarar farko Naira miliyan 300 ne, a shekara 4 kuwa Naira miliyan 1,200. Wannan shi ya sa irin waɗannan makarantu kan bar ƙofa a buɗe har zango ya yi nisa, su sassauta maki zuwa mafi ƙarancin da aka yarda da shi, wanda a 2025 aka tsayar a kan 150 ga jami'o'i, su kuma yarda a biya kuɗi kashi-kashi. Ba su da jerin masu jira, su ne ke jira.

A watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har shekara 7. Da yake bayyana dalili, Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ne ba su sami masu nema 100 ba ta hannun JAMB a shekarar da ta gabata, 34 daga cikinsu ko mutum ɗaya bai neme su ba. Ya kuma ba da misalin wata jami'ar tarayya mai ma'aikata 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. Wannan na nuna cewa gina sabon aji ba ya rage layin da ke ƙofar tsohon aji, matuƙar ba can jama'a ke son zuwa ba.

ABIN DA YA SHAFI 'YAN KASUWA

Mai gidan haya a Gwagwalada ko Giri, da mai sayar da katifa da bokiti, da mai shagon buga takardu, da mai abinci a bakin ƙofar makaranta, dukkansu jarinsu na rataye ne a kan wannan adadi ko da ba su san sunansa ba. Shekarar da aka cika maƙil kuɗin ɗaki ya tashi, shekarar da jeri ya yi ta jan ƙafa kuwa ɗakuna su yi wata biyu ko uku a kulle. Duk mai niyyar gina ɗakunan kwanan ɗalibai, ko bankin da zai ba shi rance, bai kamata ya tsaya ga yawan waɗanda aka bai wa gurbi ba. Abin tambaya shi ne mutum nawa suka yi rajista a kowace shekara cikin shekaru 5 da suka wuce, kuma a wane wata suka iso.

Ga iyaye kuma, jira yana da farashi. Wanda sunansa ya fito a jeri na uku kan tarar an yi nisa da darasi, ɗakunan makaranta sun ƙare, na cikin gari sun yi tsada. Wanda bai fito ba sam, ya yi jiran gawon shanu, ya kuma rasa damar kwalejin da da ta ɗauke shi. Shekarar da aka rasa ba kuɗin sake jarrabawa kaɗai ta ci ba, ta ci albashi ko ribar shekara guda daga rayuwar aikin yaron.

INA MAFITA?

Tun da duk wanda aka ɗauka bisa ƙa'ida ta CAPS yake bi, alkaluman suna hannun hukuma. Abu na farko da ya kamata shi ne a riƙa buga su kowace shekara, makaranta bayan makaranta, sashe bayan sashe: gurabe nawa aka ƙayyade, mutum nawa aka kira, nawa suka karɓa, nawa suka yi rajista. Da wannan ne uba zai san cewa a sashen da ɗansa ya nema, da wuya jeri na biyu ya wuce mutum 5, sai ya nemi wata hanya tun da sauran lokaci.

Na biyu, a ba masu jira lamba, kowa ya san matsayinsa a layi, a kuma sanya ranar da za a rufe jerin a faɗa wa sauran su kama gabansu. Jerin da ba a san tsarinsa ba shi ke buɗe ƙofar kamun ƙafa da 'yan damfarar da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan za su sa suna ya fito.

Na uku, a tsaya kan wa'adi. A 2025 JAMB ta umarci jami'o'in gwamnati su kammala ɗaukar ɗalibai kafin ƙarshen watan Oktoba. Irin wannan wa'adi zai yi amfani ne kawai idan shi ma ɗalibin da ya karɓi gurbi bai zo ba aka karɓe kujerar cikin 'yan makonni aka miƙa wa na bayansa.

Na huɗu, ƙarin adadi ya tafi tare da ƙarin malamai da kayan aiki. Gwamnatin Tarayya ta ninka guraben koyon aikin likita daga 5,000 zuwa kimanin 10,000 domin cike giɓin likitocin da ke barin ƙasa, amma idan gadajen asibitin koyarwa da ƙwararrun da ke koyarwa ba su ƙaru ba, cunkoson da a da ya saɓa wa doka ne kawai aka halatta.

Su kuwa iyaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san ba zai je ba, ya shiga ya ƙi gurbin da wuri, domin akwai ɗan wani da ke jiran wannan kujera. Wanda kuma makinsa ke gab da iyaka a fannin da kowa ke rububi, ya sanya wa kansa ranar da zai daina jira, ya kuma tanadi makaranta ta biyu da kuɗinta tun kafin jerin farko ya fito.